Hoto Ya Ƙi Fita Raɗau? Kafin Ka Ce Idon Kyamararka Ya Mutu, Karanta Wannan

Duk mai bibiyar TikTok da Instagram ya san matasa da yawa sun fara wuce matakin hoton waya. Wani ya shiga ɗaukar biki da suna, wata tana tallan atamfa da turaren wuta, wasu kuma sun haɗa ƙungiya suna gajerun bidiyon barkwanci. Kowa so yake fuska ta fito raɗau, baya kuma ya narke kamar a fim. Da yake sabuwar kyamara ta fi ƙarfin aljihun mai farawa, yawanci ta hannu ake saya. A sayi jikin kyamarar a wuri ɗaya, a sayi idonta, wato abin da masu sana'ar ke kira lens, a wani wurin daban, wani lokacin ma ta WhatsApp daga Legas, a sako a mota.

Daga nan rigima ke farawa. An ɗaura ido, ya shiga daram, amma ya ƙi kama fuska. Ko kyamarar ta rubuto wasu haruffa ta ƙi ɗauka. Sai a kira mai shago a ce ya yi cuta, shi kuma ya rantse lafiya lau ya sayar. Sau da yawa duka biyun gaskiya suka faɗa. Idon bai lalace ba. Ko dai wani ɗan maɓalli ne ya goce, ko kuma idon da kyamarar ba sa jin yaren juna tun daga masana'anta.

Abin ba wasa ba ne. Kuɗin ido ɗaya adashin watanni ne ga ɗalibi. Sannan amarya ba za ta sake shigowa fili don hotonka ya yi dishi-dishi ba. Don haka bari mu bi abin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Fara da maɓallan da ke gabanka

A gefen yawancin idanun Canon da Nikon akwai ɗan makunni mai AF da MF, ko A da M. AF na nufin kyamara ce za ta nemo fokas da kanta, MF kuma kai za ka murɗa zobe da hannu. Wajen sa kyamara a jaka ko ciro ta makunnin nan na gocewa ba ka sani ba. Manyan Nikon irin D7000 da D750 suna da wani makunnin na biyu a jikin kyamarar, kusa da bakin ido. Dole duka biyun su kasance a AF.

Na biyu shi ne ɗan ƙaramin taya da ke gefen tagar da kake leƙawa. An yi shi ne don masu matsalar gani su daidaita tagar da ƙarfin idonsu. In ya murɗe, komai za ka gani hazo-hazo a tagar, alhali hoton da aka ɗauka lafiyarsa ƙalau. Gane shi ba wuya: leƙa ka dubi lambobin da ke ƙasan tagar. In su ma sun yi hazo, murza tayan har su fito tar.

Na uku, wasu ƙananan idanu masu 18-55 na Nikon naɗewa suke yi. Sai ka danna maɓallin da ke jikinsu ka murɗa daga harafin L zuwa 18 kafin kyamarar ta yarda ta ɗauka.

Na huɗu ya fi rikita masu kyamarar hannu. Ƙwararru da yawa suna cire aikin fokas daga maɓallin ɗauka su mayar da shi wani maɓalli a baya, inda babban yatsa ke zama. In ka gaji kyamarar irin wannan mutum, za ka yi ta danna maɓallin ɗauka rabi, ido ko motsi ba zai yi ba. Maganin shi ne ka shiga menu ka mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. A Canon sai ka share saitin Custom Functions daban, don sharewar farko ba ta taɓa shi.

Akwai kuma idanu na zamani, irin STM na Canon da AF-P na Nikon da yawancin na Sony marasa madubi, waɗanda zoben fokas ɗinsu ba a haɗe yake da gilashin kai tsaye ba. Saƙo yake aika wa injin ciki. In kyamara a kashe take ko ta yi barci, ka murɗa zoben har gobe ba abin da zai motsa. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su.

In kyamara ta rubuto maka saƙo

FEE a kan Nikon ya sa mutane da yawa sun mayar da ido mai lafiya. Tsofaffin idanun Nikon suna da zoben lambobi a gindinsu, wanda ke buɗe ƙofar haske ko ya tsuke ta. Kyamarar dijital tana so ita ta riƙe wannan aikin, don haka sai ka murɗa zoben zuwa lamba mafi girma, wadda galibi aka rubuta da launin ruwan lemo, kamar 22 a kan 50mm f/1.8D, sannan ka kulle shi da ɗan makullin da ke gefe. Shi ke nan, saƙon ya ɓace.

In ka ga F da layi biyu a gabansa, a Nikon ko Sony, kyamarar na cewa ba ta jin ido ko kaɗan. A Canon kuma Err 01 ne ke nuna magana ta yanke tsakaninsu. Kashe kyamarar, cire idon, ka dubi 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare a gindinsa da na bakin kyamarar. Ta nan wuta da umarni ke wucewa. Gumi da maiƙon hannu da ƙura suna toshe su. Goge su a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar da idon har ka ji ya yi ƙas.

Amma lura da wannan. In Err 01 ba ya fitowa sa'ad da ƙofar haske take a buɗe gaba ɗaya, sai ka kai f/8 ko f/11, ko sai ka zuƙo zuwa wani tsayi, to galibi siririyar wayar da ke cikin idon ce ta tsage saboda yawan lanƙwasa. Wannan aikin mai gyara ne. Goge-goge ba zai yi magani ba.

Shiga baki ba shi ne jituwa ba

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Mutane na ɗauka in ido da kyamara sunan kamfani ɗaya suke ɗauke da shi, magana ta ƙare. Ba haka ba ne.

Nikon ta fito da bakin da ake kira F tun 1959, kuma shi ne a kan duk kyamarorinta masu madubi. Shi ya sa ido mai shekara talatin zai shiga kyamarar jiya. Sai dai inda injin fokas yake ya bambanta. Idanu masu AF ko AF-D ba su da inji a cikinsu. Injin yana jikin kyamara, yana juya su ta wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin sukundireba a ƙasan baki. D90 da D7000 da D7200 da D750 suna da shi. Dangin D3000 da D5000 kuwa, su D3100 da D3200 da D3500 da D5100 da D5300 da D5600, ba su da shi, kuma su ne matasa suka fi saya. Ka ɗaura 50mm f/1.8D a kan D3200, zai shiga, zai ɗauki hoto, amma ba zai taɓa neman fokas da kansa ba. Wanda ya dace da ita shi ne 50mm f/1.8G mai rubutun AF-S, don injinsa na cikinsa. Harafi ɗaya ne ya raba su, D da G, kuma na D ya fi araha. Araha ba ta ado.

AF-P da suka fito a 2016 su kuma matsalarsu ta juya. Sun yi wa tsofaffin kyamarori sabunta. A kan D3100 da D3200 da D5100 ba sa fokas, ko da hannu ma ba za ka iya ba. D3300 da D5300 suna karɓarsu in an sabunta manhajar cikin kyamarar. D3400 da D3500 da D5600 kuwa ba su da matsala da su.

Canon ta bi wata hanya. A 1987 ta watsar da tsohon bakinta na FD ta kawo EF, inda kowane ido ke ɗauke da injinsa. Don haka rigimar inji ba ta taso ba, amma bakuna sun yi yawa. EF-S, da ya zo a 2003, na kyamarori masu ƙaramar sensa ne irin 600D da 700D da 80D. Alamarsa farin ɗigo mai kusurwa huɗu, na EF kuma jan ɗigo. EF na shiga ko'ina a cikin masu madubi, amma EF-S ba ya shiga 5D ko 6D, kuma kada ka tilasta shi, don gindinsa ya fi tsawo, madubi na iya bugunsa. Sai EF-M na 2012, na dangin M50, da RF na 2018, na dangin EOS R. Waɗannan biyun ba sa shiga juna, kuma ba sa shiga masu madubi. Su dai EF da EF-S suna aiki a kansu ta hanyar adafta.

Sony na da baki biyu, tsohon A da kuma E na marasa madubi irin a6000 da a7. Su Sigma da Tamron da Yongnuo kuwa ido iri ɗaya suke yi wa kamfanoni daban-daban, don haka in mai sayarwa ya ce maka "Sigma ne", tambayarka ta gaba ita ce: na wane baki?

Adafta ba ta yin komai da komai

Dalilin da ya sa wata adafta ke yiwuwa wata ba ta yiwuwa lissafi ne na milimita. Kowane ido an ƙera shi ya zauna a wani nisa takamaimai daga sensa. A Nikon F milimita 46.5 ne, a Canon EF 44, a Canon RF 20, a Sony E 18, a Nikon Z 16. Adafta tana iya ƙara nisa, ba ta iya rage shi. Shi ya sa tsofaffin idanu ke hawa kyamarori marasa madubi cikin sauƙi, amma idon marar madubi ba ya hawa mai madubi. Shi ya sa kuma idon Nikon F ke hawa Canon ta siririyar adafta, na Canon kuwa ba ya hawa Nikon F sai an cusa ƙarin gilashi a tsakani, wanda ke rage kyan hoto.

Adaftar da ba ta da ƙarafan nan masu ruwan zinare bututu ce kawai. Babu fokas na kai-tsaye, kuma in idon ba shi da zoben ƙofar haske, kamar duk idanun EF, ba ka da yadda za ka tsuke ta. Kyamarar ma za ta ɗauka babu ido, ta ƙi ɗauka, sai ka kunna saitin da a Sony aka rubuta Release w/o Lens. Ko FTZ, adaftar Nikon ta kanta, ba ta juya idanun AF-D a kan kyamarorin Z. Da hannu za ka yi.

Wani abu kuma da ake ɗauka matsala ce: ka sa 50mm a kan 600D ka ga ɗaki ya yi maka kaɗan. Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take kamawa, sai ya yi kamar an ninka tsayin idon sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony. Wato 50mm ya koma kamar 80mm. Ya yi kyau ga hoton mutum ɗaya, amma a falon amarya mai cike da ƙawaye bango za ka jingina da shi ba su shiga ba.

Ido lafiya, kyamara lafiya, hoto dishi-dishi

In komai ya jitu amma har yanzu hoto ba ya fita, to saura yadda ake amfani da shi.

Kowa na son f/1.8 saboda yadda baya ke narkewa. Abin da ba a faɗa shi ne, da 50mm a f/1.8 a kan ƙaramar sensa, in mutum na nesa da kai mita biyu, faɗin wurin da zai fito tar bai fi santimita 11 ba. Ango ya ɗan matso gaba, amarya ta ɗan ja baya, ɗayansu ya tafi. Hoton taro mai layi biyu kuwa sai ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, ka ja baya, ka sa fokas a layin gaba.

Kowane ido kuma yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, kuma an rubuta a jikinsa. Na 18-55 na Canon santimita 25 ne, 50mm STM santimita 35, 75-300 kuwa mita ɗaya da rabi. Masu tallan sarƙa da agogo da lalle, ku kula. In kin kusanta fiye da haka, ido zai yi ta kai da komo ba zai tsaya ba.

Fokas na kai-tsaye yana neman wurin da haske da duhu suka haɗu. Farar shadda marar aiki, ko farin bango, ko zauren biki mai duhu da fitilu masu launi suna wulgawa, duk suna rikita shi. Kada ka bar kyamara ta zaɓi wurin da kanta, don abin da ya fi kusa take kamawa, ko da kafaɗar wani mai liƙi ce. Zaɓi ɗigo ɗaya. A ƙananan kyamarori irin 600D da D3100 ɗigon tsakiya ya fi sauran ƙarfi. Ɗora shi a idon mutum, ko a aikin wuyan riga in duhu ya yi yawa.

Ga wanda ke tsaye, sa One Shot a Canon ko AF-S a menu na Nikon da Sony. Ga mai motsi, kamar doki a hawan Daushe ko yara a filin ƙwallo, sa AI Servo ko AF-C, ka riƙe maɓallin rabi kana bin sa.

Sannan ba kowane dishi-dishi ne laifin fokas ba. Buɗe hoton ka zuƙo. In wani wuri ya fito tar, ko da ba inda kake so ba ne, fokas ne ya kauce. In babu inda ya fito, komai ya ja kamar an shafa, girgiza ce. Saurin ƙiftawar kyamara ya yi ƙasa. Kada ya gaza ɗaya bisa tsayin idon, a ƙaramar sensa ma ka ƙara. Ga mutane masu motsi, fara daga 1/250. IS ko VR girgizar hannunka kawai suke ragewa, ba sa tsayar da mai rawa.

Gwajin da zai raba gardama

In kana zargin ido na kamawa gaba ko bayan inda ka nuna, jera batura biyar a tebur a karkace, kowanne ya ɗan fi na gabansa nisa. Ɗora kyamara a kan ƙafa uku, buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, nuna na tsakiya ta taga ka ɗauka. Sake ɗauka, amma ta allon baya. A masu madubi, ta taga wata na'ura ce daban ke auna fokas, ta allo kuwa sensar da kanta ce. In na allo ya fito daidai, na taga kullum yana kaucewa gefe ɗaya, gilashin lafiyarsa lau, saiti ne ya goce. Kyamarori irin 7D da 80D da D7000 suna da wurin gyara wannan a menu. Ƙananan ba su da shi, sai a kai wa mai gyara.

Masu bidiyo su san cewa 600D ba ta bin fuska da kanta yayin ɗauka, komai kyan idon da aka sa mata. Canon ba ta ƙware a wannan ba sai da ta kawo Dual Pixel a 70D, a 2013. Tsohon 50mm f/1.8 II kuma injinsa na da ƙara, makirfon zai ɗauka. STM da ya gaje shi a 2015 ya fi shi shiru.

Masu waya, ku ma ya shafe ku

In kyamarar waya ta ƙi kamawa, fara goge gilashin, sannan cire kondon waya da ɗan gilashin kariya da ake liƙawa a kan kyamara, don wasu na rufe na'urar auna nisa. Duba ko ka kulle fokas ta hanyar danna allo ka riƙe. In hoto na rawa shi kaɗai ko kana jin ɗan zuzu a ciki, na'urar hana girgiza ce ta taɓu. A 2021 Apple ta gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur mai ƙarfi na iya lalata wannan na'urar da ta fokas. Mai ɗaure waya a kan babur ya yi tunani.

Ranar ciniki

Kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da kyamararka da batir cike da kati. Ɗaura idon, gwada kusa da nesa, a kowane tsayin zuƙowa, a buɗe da kuma f/11. Cire shi, haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne zare-zare kamar yanar gizo-gizo, wato funfuna, wadda ke kama idanun da suka daɗe a wuri mai laima. In dole sai an aiko maka, nemi hoton cikakken rubutun da ke jikin idon da na gindinsa, ka duba jadawalin jituwa a shafin kamfanin, ku kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin ka tura ko sisi.

Bayan ya zama naka, ka tuna da hunturu. Kada ka canza ido a tsakiyar iska. Kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Hure ƙura da ɗan famfon roba kafin ka goge, don gogewa da bakin riga a kan ƙura kamar goga yashi ne a gilashi. Da damina kuma, in ka fito daga ɗaki mai sanyin AC gilashi ya yi raɓa, bar shi 'yan mintuna ya washe da kansa.

Wanda ke da biki a ƙarshen makon nan, ya ɗauki rabin awa yau ya gwada kayansa a tsakar gida da ƙannensa. Mai shirin saye kuma ya rubuta cikakken sunan kyamararsa a waya, ya riƙa karanta haruffan da ke jikin ido ɗaya bayan ɗaya kafin ya taya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.